Takalmin Idi a Ƙofar Makoki

Daren Talata, unguwar Abdulkafi

'Yata Hadiza ta warke daga tari, maigida lafiya lau. Ɗana Sani ne ba lafiya. Ya daina cin abinci tun da aka tsinci gawar abokinsa Idi magini, mutane suka fara cewa tare aka gan su ƙarshe.

Yau na kai tuwo sadakar uku. Maza suna ciki, takalmansu zube a ƙofa. Sai na ga na Idi, wanda ni na ɗinke masa igiyarsa da koren zare. Gawar kuwa ba takalmi aka same ta. Na tsaya ina jira. Tanko ne ya fito ya zura ƙafa, Tankon da ke jagorantar neman mai kisan, yana nuna ɗana da baki. Munafuki, azzalumi!

Na gaya wa maigida, ya ce, "Rufe bakinki, Binta. Ba mu da takardun zama a ƙasar nan, shurɗa, 'yan sandansu, mu za su fara kamawa."

Ba zan rufe ba. Na aika wa shugaban 'yan garinmu labarin takalmin. Dole ya ba ni amsa kafin Juma'a, in ba haka ba, a ƙofar masallaci zan kira sunan Tanko.