Feshin da Ya Kashe Ƙudan Zumar Marigayiya

Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Sashen Tsaftar Muhalli
Daga: Malam Mai Zuma, tsohon malamin firamare, gidan ƙarshe a layin bayan makaranta
Kwanan wata: Litinin, 16 ga Yuni

Game da: Feshin maganin sauro da ya hallaka mini ƙudan zuma

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina neman izinin kai kukana gare ka kamar haka:

1. Ni malami ne da ya tsufa a gaban allo. Da na yi ritaya na rasa abin yi, har jarida nake bi da jan biro. Matata ta ce in ba a nema mini aiki ba, miyarta zan fara ba wa maki. Ita ta sa kafinta ya haɗa mini amyar farko, ta katako, muka ajiye a gindin lemo cikin ɗan lambunmu. Daga wannan amya sauran suka samu, har na fara sayar da zuma, unguwa ta manta sunana na yanka. Bara Allah Ya karɓi matar tawa.

2. Ranar Laraba, 11 ga wata, ina asibiti wurin awon ido, ma'aikatanku suka zo feshi ba tare da sanarwa ba. Ƙudan zuma suna shan ruwa, shi ya sa nake ajiye musu kasko da tsakuwa a ciki, su sauka su sha ba su nutse ba. Kullum nake sauya ruwan. Ma'aikatan suka ga ruwa a kwance, suka ɗauka matattarar sauro ce. Suka feshe kaskon, suka haɗa da furen lemon.

3. Na dawo na tarar da ƙudan zube a ƙasa suna jan ciki. Waɗanda suka sha suka iya tashi, su suka kai gubar cikin amya. Washegari da tsintsiya na kwashe su. Amyar marigayiya ce ta fi kusa da kaskon, ko ɗaya bai tsira a cikinta ba. Ban ɓoye maka ba, ranka ya daɗe, na zauna a ƙasa na yi kuka kamar ranar da aka fita da ita. Masu zuwa da kwalabe kuwa haƙuri nake ba su, don ba zan sayar wa mutane zumar da ban yarda da ita ba.

4. Shugaban masu feshin ɗalibina ne, ni na koya masa riƙe fensir. Da yammar ranar feshin ya zo da fara'arsa ya durƙusa, ya ce da ya gane lambun Malam ne sai ya sa aka ninka maganin, don kada sauro ya taɓa ni. Na kai shi ya gani da idonsa, ya kasa ɗaga kai. Rashin sani ya fi dare duhu. Na koya masa abubuwa da yawa, wannan ne ban koya masa ba.

5. Amya ɗaya ta rage a can kusurwa, ita ma da ƙyar. Na samu labarin za a maimaita feshin ranar 25 ga wata. Ba za ta jure na biyu ba.

Saboda haka ina roƙo, da girman kujerarka, a tsame lambun nawa daga feshi na gaba, a kuma riƙa sanar da masu kiwon zuma tun da wuri. Ba diyya nake nema ba. Ina kuma roƙo kada a hukunta yaron nan, alheri ya nufa.

'Ya'yana sun ce in haƙura in koma wurinsu. Amma tun da mahaifiyarsu ta rasu, ƙugin ƙudan nan ne kaɗai ke hana gidan yin shiru. A bar mini wanda ya saura.

Allah Ya ƙara girma, Ya yi maka jagora.

Naka mai biyayya,
Malam Mai Zuma