Hankakan da Na Rataye a Gonar Baba

Zuwa ga Yayana Sabi'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Na rubuta wannan takarda a fili inda kowa zai gani, domin lambarka ta daina shiga tun bara, kuma ba za a rasa ɗan Bunkure a Fatakwal da zai nuna maka ita ba.

Yaya, hankaki ne suka sa ni wannan rubutu. Kada ka yi dariya.

Bana masarar rani na sa a gonar Baba ta bakin kanal ɗin ban ruwa. Ka san halinsu, kana shuka suna bin bayanka suna tonewa, sai ka ce tare aka kira ku gayya. Sau biyu ina sake shuka. Da haushi ya ishe ni, na yi abin da kowa ke yi a nan: na sa maharbi ya harbo mini ɗaya, na ɗaure shi a kan gora, na kafa a tsakiyar gona don sauran su gani su kiyaye.

Ba su gudu ba. Da hantsi ina ban ruwa sai ga su ta ko'ina, har daga wajen Kadawa. Suka cika darbejiyar da muke hutawa, suka jeru a bakin kanal suna kuka ba ƙaƙƙautawa. Can kuma sai suka yi tsit, suna kallon gorar kawai. Tsuntsayen da kullum ke dambe a kan ɓawon gyaɗa, ranar ko ƙwaya ɗaya ba su taɓa ba. Na tsaya baki buɗe har ruwa ya fasa mini kunya biyu ban sani ba.

Kai ka fara koya mini kallonsu. Ka tuna ranar da wani hankaka ya saci ƙanzonmu, ya kai bakin ruwa ya tsoma, ya tsaya yana jira ya jiƙa? Ka zungure ni ka ce, "Auwalu, wannan ma ya fi ka haƙuri." Na yi fushi a lokacin. Gaskiya ka faɗa.

Rashin haƙurin nan ne ya raba mu. Bayan rasuwar Baba, ranar da layin ban ruwa yake naka, na karkatar da shi zuwa tumatirina, irin albasarka ya ƙone. Da ka yi magana, a gaban jama'a na ce wanda bai iya noma ba ya bar wa masu iyawa. Ka jingine fartanyarka a zaure, bayan kwana uku ka hau mota a Garun Mallam. Shekara shida ke nan. Ni na yi laifi, Yaya, kuma na daɗe da sani. Girman kai ne ya hana ni faɗa.

Ina kewarka. Duk ranar da aka saki ruwa sai na waiwaya ɓangarenka na gonar, kamar zan gan ka duƙe da wando a naɗe.

Inna ta tsufa ƙwarai. Idonta ya yi rauni, tun damina ba ta fita tsakar gida sai an riƙe ta. In na yi sallama takan ce, "Sabi'u ne?" In na ce ni ne, sai ta ce, "To, sannu da zuwa," ta juya fuska bango. Ba ta taɓa zargina ba, kuma hakan ya fi yi mini ciwo.

Ranar da hankakin suka taru, da yamma na kwance hankakan da na rataye na binne shi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ban taɓa ganin sun taru haka ba sai a kan gawa. Mu ma rabon da mu zauna tabarma ɗaya tun zaman makokin Baba. Ina tsoron taronmu na gaba ya zama irinsa.

Ka zo tun tana iya gane muryarka. Ko ba za ka kula ni ba, ka zo ka amsa mata.

Allah ya tsare ka, ya sanyaya zuciyarka a kaina, ya ba Inna lafiya da tsawon ran da za ta ji sallamarka. Amin.

Ƙaninka mai neman gafara,
Auwalu