Shekara Huɗun da Baba Ya Cire Mini

Al Sabkha, Dubai
18 ga Nuwamba, 2019

Zuwa ga Babana, Malam Elkana,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fatan kana lafiya, da Mama, da ƙanena Sati, da dukan mutanen gida a Zonkwa. Yaya ciwon gwiwar? An fara haƙar citta kuwa? Ni jikina lafiya ƙalau, raina ne a ɓace. Anti Magret ta zo sarin jakunkuna a kasuwar Naif, jibi za ta koma, shi ya sa na rubuta in ba ta. In na kira ka a waya muryata za ta tashi, kai kuma ba haka ka rene ni ba.

Ka tuna aikin da na ce ina nema a manyan jiragen ruwan nan masu yawo da 'yan hutu, waɗanda ke zuwa nan lokacin sanyi. Wata takwas na yi ina koyon aikin mashaya a ranar hutuna, bayan kwana shida ina ɗaukar faranti a otal. Ranar Alhamis aka kira mu gwaji, mu talatin da wani abu. Aka ɗauki biyar, ina ciki. Wanda ya gwada mu har cewa ya yi hannuna ya fi na kowa tsabta.

Sai matar da ke cika takardu ta buɗe fasfona. Ta duba, ta sake dubawa, ta ƙirga da yatsu a gabana, ta ce shekarata ashirin. Dokar kamfaninsu ita ce wanda bai kai ashirin da ɗaya ba, ba ya shan giya a jirgi, ba ya zuba wa wani, ba ya ko tsayawa a bayan kanta. Ta miƙo mini fasfon tana murmushi irin wanda ake yi wa ƙaramar yarinya, ta ce in je in ƙara girma. Khalas, wato shi ke nan, aka kira wadda ke bayana.

Baba, shekarata ashirin da huɗu. Kai ka sani, Mama ta sani, faston da ya yi mini addu'ar suna ya sani. Kai ka kai ni kotu a kan babur, bayan na zauna jarrabawa sau uku, ka sa aka buga takardar rantsuwa cewa an haife ni ɗaya ga Afrilu, 1999. Ka ce shekarun da na ɓata a gida kada su bi ni wajen neman aikin gwamnati. Ga shi aikin gwamnatin bai zo ba, wanda ya zo kuma takardarka ta kore shi. Sati da na goya a bayana, yau a takarda yayana ne.

Ban ma taɓa sa giya a bakina ba. Abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Ka gaida Mama, ka ce ta daina ɗaga buhu. Na ba Anti man shafawa na gwiwarka.

'Yarka,
Mary-Jane

Al Sabkha, Dubai
20 ga Janairu, 2020

Baba,

Barka da sabuwar shekara, da fatan kun yi Kirsimeti lafiya. Na gode Allah da jin gwiwar ta yi sauƙi. Wasiƙarka ta iso, na karanta ta sau uku, kuma ka yi haƙuri, ba ta sanyaya mini rai ba.

Ka ce wataƙila Allah ne ya rufe ƙofar, don bai dace 'yar dattijon ikilisiya ta riƙa zuba wa mutane giya ba. Baba, kada mu ɗora wa Allah abin da muka yi da hannunmu a ofishin magatakarda. In aikin ne ba ka so, ka faɗa mini kai tsaye, zan saurare ka a matsayin uba. Amma ka bar Ubangiji, ba shi ya sa hannu a takardar nan ba. Ka kuma ce kowa yana yi. Gaskiya ne, rabin ajinmu an rage musu. Ni ma ba zan wanke kaina ba, na ɗaga hannu na rantse, kuma na ji daɗi duk sanda aka ce mini ƙaramar yarinya da ƙoƙari haka. Yanzu daɗin ya fita.

Da fushina na ɗauko katin baftismata, mai ranar haihuwata ta gaskiya, zan kai musu. Hadijatu, 'yar Kano da muke ɗaki ɗaya, ita ta tare ƙofa. Tana aiki a ofishin da ke yi wa mutane biza, ta san abin da ban sani ba. Ta ce a ƙasar nan in ka nuna ranar haihuwa biyu, ba za su tambayi wacce ce ta gaskiya ba, za su ce fasfonka ƙarya ne, daga nan ba aikin jirgi kaɗai zan rasa ba. Na mayar da katin ƙasan akwati. Wato gaskiyar ce yanzu nake ɓoyewa kamar kayan sata.

Ka ji wani abin haushin kuma. Sun ba mu littafin dokokinsu. A nan Dubai sai ashirin da ɗaya, ba roƙo. Amma in jirgin ya koma tekun Turai da bazara, fasinja mai shekara sha takwas yana iya shan giyarsa, muddin ubansa yana cikin jirgin ya cika wata takarda. Jirgi ɗaya, kwalba ɗaya, kofi ɗaya. Sa hannun uban wani yana ƙara wa ɗansa shekara uku, sa hannun nawa uban ya zaftare mini huɗu. Ni ce zan wanke kofin da ɗan sha takwas ya sha da shi, amma an ce na yi ƙanƙanta in riƙe kwalbar.

Duk da haka ban haƙura ba. Na yi ta komawa ofishinsu har matar nan ta san takuna. Ta ce za su ɗauki sabbin ma'aikata biyar ga Afrilu, kafin jirgin ya bar nan. Takardarka ta ce zan cika ashirin da ɗaya ranar ɗaya ga watan. Kwana huɗu ne tsakani, ta rubuta sunana. Sharaɗinsu shi ne in zo ba igiyar wani aiki a ƙafata, don haka na ba otal ɗinmu notis, ƙarshen Maris zan ajiye.

Ka yi mini addu'a ko ba ka so. Ka gaida Mama da yayana na takarda.

'Yarka,
Mary-Jane

Al Sabkha, Dubai
1 ga Afrilu, 2020

Baba,

Ina gaisuwa, da fatan cutar nan ba ta iso ku ba. Ku daina gaisawa da hannu a coci, don Allah. Ba jirgin sama yanzu balle mai kawo wasiƙa, don haka zan ɗauki hoton wannan in tura wayar Sati ya nuna maka. Ni da Hadijatu lafiyarmu lau, muna ɗaki, ba a fita sai da dalili.

Yau na cika ashirin da ɗaya, in ji kotun da ka kai ni.

Tun watan jiya aka tsayar da jiragen saboda korona. Kafin a hana yawo na je bakin tashar na gan su a ɗaure, ba fasinja ko ɗaya. Kamfanin ya aiko saƙo layi biyu cewa sun soke ɗaukar sabbin ma'aikata. Waɗanda suka shiga a Nuwamba sunansu yana littafi, an ce za a kira su in abu ya lafa. Da yanzu ina cikinsu. Na koma otal ina roƙo a mayar mini da notis ɗina, manaja ya ce waɗanda ba su ajiye ba ma sallamarsu yake yi. Jiya na miƙa rigar aiki. Bizata a wuyan aikin nan take, in an buɗe hanya gida zan dawo.

Ba zan ce kai ka kawo cutar ba. Amma wata biyar ɗin da na yi ina jiran shekarun da na riga na wuce, kai ka saya mini su.

Sati ya gaya mini abin da ka ce da ka ji labarin. Wai in dawo kawai, ana maganar za a ɗauki ma'aikata a jiha a ƙarshen shekara, 'yan ƙasa da ashirin da biyar, kuma yanzu zan ga amfanin dabararka. Baba, da na ji, sai da na zauna a bakin katifa. Har yanzu ba ka ga abin da ya faru ba. Ba zan cika wannan fom ɗin ba. Ina sauka, kafin in ci tuwon Mama, kotun nan zan koma da katin baftismata in rantse da ranar da aka haife ni. In gyaran fasfo zai ci shekara, ya ci. In aikin jihar ya wuce ni, ya wuce ni da shekaruna.

Ina so ka raka ni. Kai ka kai ni a kan babur wancan karon, kai nake so ka sake kai ni, ka zauna a benci ka ji na faɗa da bakina. In gwiwar ba za ta bari ba, Sati ya tuƙa, ka hau baya, ni zan bi ku a ƙafa.

Ina ƙaunarka, shi ya sa abin yake mini ciwo haka. Ka gaida Mama, ka ce kada ta yi kuka.

'Yarka,
Mary-Jane Elkana,
wadda aka haifa sha biyu ga Agusta, 1995