Bakwai a Hatimi, Ɗaya a Takarda

Litinin, 3 ga Maris
Namiji ne! Matar ɗana ta sauka lafiya, na zama kaka! Tsohuwata, wato mai ɗakina, ta ce, "Malam, ga wanda zai ƙwace maka mata ya iso." Na ce ya ɗauka, na huta. 

Laraba, 5 ga Maris
A sito yau. Kwantenar da ɗana zai ja zuwa kan iyaka ranar Asabar ta fito daga tashar jiragen ruwa. Aikina duba lambar hatimin ƙofa. Sauran masu gadi kallo ɗaya suke yi su sa hannu. Ni da yatsa nake bi, ɗaya bayan ɗaya, yadda malaminmu na ajin yamma ya koya mana. Ƙarshen lambar bakwai ne a hatimi, ɗaya a takarda. An buɗe ta a hanya ke nan.
Na gaya wa manaja. Ya ce, "Baba, da tsufa ka koyi karatu, kada ya kai ka inda ba ka zata ba." Sannan ya tambayi lafiyar jariri. Ban gaya masa an yi haihuwa ba.

Alhamis, 6 ga Maris
Takarda ta ce tayil ne na daɓen ɗaki. Na ɗaga gefen takardar da aka liƙa, akwai wata a ƙasa, akwai wata kuma. Ƙasashe uku, sunaye uku. Wani kwali ya yage wajen sauya lodi: ƙwayoyi ne, irin waɗanda suka kwantar da ɗan maƙwabcinmu har ya rasu. Ko mutum nawa suka bi ta hannunsu kafin ni? Kowa ya sa hannu ya kau da kai.
Na sa hannu.

Juma'a, 7 ga Maris
Ɗana bai san komai ba. In na faɗa masa, zai tunkari manaja, na san zuciyarsa.

Asabar, 8 ga Maris
Na yi ƙarya. Na kama ƙirji na zube a tsakar gida, ɗana ya kwashe ni zuwa asibiti. Likita bai ga komai ba. Dogo aka ba motar, abokin aikinsa, mai 'ya'ya huɗu. Ina da lambar wayarsa.

Talata, 11 ga Maris
An kama Dogo a kan iyaka. Ɗana ya dube ni ya daɗe, ya ce, "Baba, yaya ƙirjin?" Na ce da sauƙi.

Alhamis, 13 ga Maris
Kwana biyu ina mance tabarau a gida. Tsufa ne kawai. Wani ke duba hatimi yanzu.
Jaririn ya kama min yatsa, wannan yatsan dai, ya ƙi saki. Ubansa na zaune kusa da shi, a gida. Na ce a gaya wa kowa ya zo ya gan shi. Tsohuwata ta ce, "Har matar Dogo?" Na ce har ita. Kowa da kowa, a zo a gani.