Inna Ba Ta Sani Ba Tukuna

Zuwa ga Yaya Lawal,

Assalamu alaikum. Na san ba za ka karanta wannan ba, amma ba ni da wanda zan gaya wa in ba kai ba. Ina zaune a kan babur ɗina a bakin iyakar Jibiya, daidai inda na sauke ka ranar da ka tsallaka Nijar ka nufi Turai.

Yaya, har yau ban gaya wa Inna ka rasu ba. Wata uku ke nan da abokinka ya kira ni daga Lucerne, garin da ka zauna a Turai, ya ce an tsamo gawarka daga tafkin garin, an yi maka sutura can. Ka ƙetare hamada, ka ƙetare teku, sai ruwan da kake cewa ko motsi ba ya yi? Satin da labarin ya zo jinin Inna ya hau, likita ya ce kada a tayar mata da hankali. Na ce bari ta farfaɗo. Daga nan bakina ya yi nauyi.

Ka tuna saƙonnin muryar da kake turowa, kana zagaya garin, ka ce in kunna mata, ni kuwa na yi ta sakaci? Su nake kunna mata duk Juma'a a matsayin sababbi. Ta ji na gadar katako mai rufi, wadda ka ce ta girmi kakannin kakanninmu, ta taɓa ƙonewa aka sake gina ta. Ta ji na hasumiyar tsakiyar ruwa inda ake tsare fursunoni a da. Da aka zo kan zakin da aka sassaƙa a jikin dutse, mashi a haƙarƙarinsa, baƙi na ta ɗaukar hotonsa, sai ta ce in kashe.

Gida ba daɗi. Mutanen ƙauyen Mazanya sun bar gonakin nesa saboda 'yan bindiga, Gwaggo ta baro can ta dawo wurinmu da awakinta biyu. Gero ya nuna, ba mai zuwa yanka.

Saƙo ɗaya ya rage, na wata gadar daban, inda aka zana mutuwa a siffar ƙwarangwal tana jan hannun sarki da ɗan kasuwa da amarya. Da farko kana dariya, sai muryarka ta canza, ka ce wani na bin ka tun daga tashar jirgin ƙasa. Wa ke bin ka, Yaya? Me ya hana ni kiran ka ranar?

Inna ta daina tambayar yaushe za ka dawo. Yau da safe na iske ta fito da rigunanka daga akwati tana ninkewa ɗaya bayan ɗaya. Ta ce in zo mata da Liman gobe bayan an sauko daga masallaci, ba ta faɗi dalili ba, ba ta kuma kalle ni ba.

Gobe Juma'a. Ban san wanda zai fara magana ba, ni ko ita.

Allah ya jiƙan ka, ya haskaka kabarinka. Ka yafe mini, na hana ka addu'ar mahaifiyarka wata uku. Sai mun iso.

Ƙanenka,
Sani