Albashin Ikko da Wasiƙar da Na Kasa Rubutawa

Malama Zuwairatu, a taimake ni da shawara. Yau Alhamis, na tashi da tarin nan nawa, ƙafafu a kumbure, koko kaɗai na iya sha.

Na yi elementare tun zamanin Turawa, na yi malantar haraji a Safana shekara talatin. Ɗana na fari manaja ne a wani kamfanin manyan motoci a Ikko, shi ke tsara fitar motoci da aikin direbobi. Shekara huɗu da suka wuce ya kawo mini takardun ɗaukar aiki biyu, Kaduna naira dubu huɗu a shekara, Ikko dubu shida. Ni na sa tabarau na ce ya tafi Ikko. Ya tafi. Ya yi mini rufin kwano, ya kai ni Makka. Mahaifiyarsa Kulu ta rasu bara, sai bayan kwana uku ya iso.

Yanzu ya rubuto cewa kamfanin zai buɗe reshe a Katsina, yana iya dawowa can, amma albashi dubu uku da ɗari shida, kuma ƙarin girma a Ikko ake yinsa. Yana neman umarnina kafin wata ya mutu. 'Ya'yansa biyar, uku na makaranta. Duk wasiƙar da na aika masa, lafiya lau nake cewa. Kin san ɗan fari, ban taɓa kiran sunansa ba, balle in ce ina kewarsa. Sau uku ina fara amsa ina yagewa. In rage wa jikokina abinci saboda tsoho ɗaya?

Yero, wani direban garinmu, ya ce zai biyo daga kasuwar Batsari ya duba ni. Na shimfiɗa tabarma tun azahar. Ga magariba, bai zo ba.

Tsohon Malamin Haraji, Wagini

Baba, Allah ya ƙara sauƙi, ya jiƙan Inna Kulu.

Tsoronka na da tushe. Ragin ba kaɗan ba ne, kuma manajan da ya bar hedkwata yakan daɗe a kujera ɗaya. Sai dai kuɗin Ikko a takarda suke da yawa. Haya da mota da cefane sukan cinye kusan rabi. A Katsina hatsin gonarka ma zai isa gidansa.

Amma ba lissafi ya tambaye ka ba, Baba, ya fi mu iya shi. Wanda ya ƙudura zama a Ikko ba zai rubuto yana tambaya ba. Mutumin da ya tarar an binne mahaifiyarsa ne yake son sanin halin da kake ciki, kai kuma kana ce masa lafiya lau.

Kada ka ba shi umarni. Gaya masa zancen tarin da kumburin, ka bar masa zaɓi, ka sa albarka ga duk wanda ya ɗauka. Gobe ka nemi mai kai ka asibiti, kada ka jira Yero.

Kunyar ɗan fari ta hana ka kiran sunansa, ba ta hana ka rubuta cewa kana son ganinsa ba. Wasiƙa ta huɗu kada ka yage ta. Allah ya haɗa fuskokinku da alheri.