Ƙaurin da Mama Kaɗai Take Ji

Maman 'Yan Biyu,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da yara da su Baba.

Daga asibiti nake rubuto miki, tunda kin daina ɗaga wayata. Mama ta yanke jiki ta faɗi a bakin famfo tana jijjiga. Sun ɗauki hoton kanta, sun ɗebi ruwa a gadon bayanta da allura. Likita ya ce ƙwaƙwalwarta ce ta kumbura. Wai ƙwayar cutar nan ce mai fito da ƙuraje a leɓe, a wasu mutane ƙalilan takan haura kai.

Ya tambaye ni ko halinta ya canja kafin nan, ko tana jin warin da babu shi. Na gaya masa yadda take ture kwano tana cewa ƙauri take ji, kin zuba mata wani abu. Ya ce duk ciwon ne.

Ki yi haƙuri ki dawo ɗakinki.

Mijinki.

*

Baban 'Yan Biyu,

Wa'alaikumus salam. Allah Ya ba Mama lafiya. Na yi kuka da na karanta, ba zan ɓoye maka ba.

To, ashe sai da likita ya faɗa! Ni da na taɓa goshinta na ji kamar garwashi, na ce maka kanta na sara, ta kira ni da sunan ƙanwarta da ta rasu, mu tafi asibiti, me ka ce? Ka ce ina neman in maida uwarka mahaukaciya. Ka ɗauki cokali ka ɗanɗana miyar a gabana, kana kallona kamar ɓarauniya. Ba ka ji komai ba, amma ka ce in haɗa kayana.

Matar da ta zauna a kaina har na yaye yaran nan, ita zan zuba wa abu? Haba!

Ka riƙa juya ta, kada bayanta ya yi gyambo. Kuma ba ta son filo mai tudu.

Ka gaishe ta.

*

Maman 'Yan Biyu,

Bayan gaisuwa mai yawa. An gama allurar jijiya, an sallame mu. Mama ta tashi, tana ci, tana takawa da bango. Sai dai likita ya ce an makara da fara magani, kuma abin da ciwon ya taɓa ba lallai ya dawo ba. Abin da ya wuce da daɗewa tana tunawa ras, amma sabo ba ya zama. In na fita na shigo, sai ta sake yi min sannu da zuwa.

Ba ta san ta taɓa faɗa miki komai ba. Tana leƙa kicin tana cewa, "Ina 'yata? Me ya hana ta kawo min yara?" Da farko na gaya mata gaskiya. Ta kama rigata tana kuka tana cewa, "Ni? Ni na faɗi haka?" Kafin in ɗebo mata ruwa ta manta, ta sake tambaya. Yanzu ce mata nake kin je kasuwa.

Na yi nadama, na rasa inda zan sa kaina. Don Allah ki zo.

Mijinki.

*

Baban 'Yan Biyu,

Na gaishe ka. Gobe da safe muna tafe da yara. Ka shimfiɗa min katifa a ɗakin Mama, can zan zauna.

Ita babu komai tsakanina da ita, ciwo ne ya yi magana da bakinta. Kai kuwa, a ranar nan, lafiyarka ƙalau.

Ka huta lafiya.